Tsiron Dawa a Bayan Rumbuna

Iyayena mata da 'yan'uwana masu bi, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe hannuna a lokacin da ni kaina na kusa saki. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Saratu, amma a ƙauyenmu, can tsakanin Gezawa da Zakirai, an fi sanina da Maman Iliya. Ban yi boko ina yarinya ba. Ajin yaƙi da jahilci na shiga da goyo a bayana, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi masa haƙuri, ku ɗauki maganar.

Lokacin marka ne, a shekarar nan da kuɗin mota ya tashi, taki ya gagari manomi. Sama kullum a lulluɓe, gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, rumbu kuwa in ka leƙa ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Kwanon dawar da ka taya da safe, in ka koma da yamma ya canza farashi. Ana haɗuwa a hanya a ce, "Ya ruwa?" a amsa, "Ruwa ya yi gyara," amma kowa ka dubi wuyansa ka san halin da gidansa yake ciki. Abin da na fi tunawa a shekarar shi ne faɗuwar gaba. Da ita nake tashi, da ita nake zuwa rijiya. Ko kaza ce ta yi kuka ba zato sai in ji ƙirjina ya buga.

Maigidana, Baban Iliya, ɓarin jikinsa ya shanye tun kafin shuka, hannunsa na dama ba ya riƙe fartanya. Ni da yara muka yi abin da za mu iya a gona. Autata Hannatu kuma, tun da na yaye ta ta ƙi yin kumari. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, wasa ma ta daina. Sai ta zauna a gindin turmi tana bin mutane da ido.

Bari in faɗa muku inda na fito, don ku gane abin da ya zo ya tsaya mini a ƙofa.

Gidanmu gidan giya ne. Kakata ta dafa, uwata ta dafa. A wurin mutanenmu na gargajiya ba abin kunya ba ne: da ita ake gayya, da ita ake biki, da ita ake sallamar tsoho in ya mutu. Tun ina 'yar aiken ɗebo ruwa aka fara koya mini tsiro. Za a jiƙa dawa, a tsame, a shimfiɗa, a rufe da buhu, ana yayyafa mata ruwa har ta fitar da 'yar farar saiwa, sannan a shanya a niƙa. Wannan shi ne tushen giya. In tsiro ya lalace, duk wahalar wuta ta tashi a banza. Nawa ba ya lalacewa. Da hanci nake gane ranar da ya isa, kafin ma in ɗaga buhu.

Da wannan sana'a na shiga gidan miji, na kuma ci abinci da ita. Amma na ga abin da take yi. Na ga magidanci ya ɗebi hatsin gandu ya kawo mini, matarsa ta biyo shi ta tsaya a bakin zaure tana kallona. Lokacin da ni da maigida muka karɓi Ubangiji aka yi mana baftisma, na kife tukwanena. Ikilisiya ta yi murna, aka yi waƙa. Sai dai ba wanda ya tambaye ni da me zan ci daga nan, ni ma ban tambayi kaina ba.

Na gwada ƙosai, na gwada ƙuli-ƙuli, na gwada daddawa. Maƙwabtanmu Musulmi mutanen kirki ne, muna barka muna jaje tare, amma abin da aka dafa a gidan da aka sani da giya, da wuya hannunsu ya kai kansa. Mu masu bi kuma 'yan kaɗan ne, kowace mace ta iya suyar ƙosanta. Gaskiya ni ma zuciyata ba ta cikin ko ɗaya, ina yi ne kamar wadda aka ba ajiyar kayan wani. Muddin maigida yana noma, ba a gane ba. Da ya kwanta, gyaɗa da mai kuma suka fi ƙarfin jarina, sai na wayi gari hannuna biyu babu komai.

Ana cikin haka Inna Tani ta zo duba maigida. Ƙanwar uwata ce, tana nan a kan gargajiya, kuma har lokacin tana dafawa a ɓoye a ƙauyensu. Ba ta taɓa kirana Saratu ba, sai sunan da aka raɗa mini.

Ta dubi Hannatu ta ce, "Talatu, wannan 'yar taki ai iska mai ƙarfi za ta ɗauke ta."

Na ce, "Muna addu'a, Inna."

"Ku yi ta yi. Ni magana ce ta kawo ni. Idona ya yi rauni, tsirona ruɓewa yake. Ga kaka na tafe, ga bukukuwa a gaba. Ban ce ki sha ba, ban ce ki dafa ba. Tsiro kawai za ki riƙa yi mini, abin da aka samu mu raba."

"Inna, kin san na bari."

"Kin bari, kin kama me? Shi Yesun naki ne ya ce ki zauna ki kalli 'ya'yanki suna bushewa? In shi ya faɗa, kai ni wurinsa in ji daga bakinsa."

Na sunkuyar da kai na ce, "Zan yi tunani."

Ta gyara zanenta ta miƙe. "Yi tunaninki. Amma kafin a yanke gero nake son amsa. In ba ke ba, in nemi wata."

Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Ta tafi ta bar mini maganar, ina juya ta a gona, ina juya ta a bakin murhu. Na san in na koma, dattawan ikilisiya za su sa ni a horo, a hana ni Jibin Ubangiji, abin da muka tsaya a kai ni da maigida ya rushe. Na kuma san in ban koma ba, ban ga abin da zan zuba a tukunya ba.

Wata safiya na ɗebi kaɗan daga 'yar dawar da ta rage mana na jiƙa. Na ce wa kaina gwadawa kawai zan yi, in ga ko hannuna ya manta. Na shimfiɗa ta a bayan rumbu, inda ba mai bi sai kaji, na rufe da buhu. Da lokacinsa ya yi na je na ɗaga. Ga shi nan fari tas, kowace ƙwaya ta fito, ba fumfuna ko ɗaya, ƙanshinsa ya bugi fuskata. Hannuna bai manta ba.

Na mayar da buhun na ɗauki fartanya na nufi gayaunata. A tsakiyar kuɓewa na durƙusa, gwiwoyina cikin taɓo. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, ka ga abin da ke bayan rumbu. Ka san ba ni da wani abu da na iya sai shi. In ka bar ni da kaina, wurin Inna zan tafi, ba zan ɓoye maka ba. Ka nuna mini wata hanya, ko ka aiko wanda zai nuna mini." Na yi kuka har na gaji. Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Amma da na miƙe, sunan mutum ɗaya ne ya zauna a raina, Malama Rifkatu.

Ita ce ta koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci. Kafin ta yi ritaya, a wata makarantar 'yan mata take a Bici, aikinta shi ne zama da ɗalibai tana ba su shawara a kan abin da za su yi bayan makaranta. Na same ta tana tsinke zogale. Na zauna na kama mata, kuma da yake hannuna yana aiki, sai bakina ya buɗe. Na faɗa mata komai, har da abin da ke bayan rumbu. Ina jira ta ɗauko mini wa'azi.

Ba ta ɗauko ba. Ta ce, "Saratu, da kika ɗaga buhun nan, kafin tsoro ya zo, me kika fara ji?"

Na ce, "Daɗi na ji, Malama. Shi ne ma ya tsorata ni."

"To, a cikin aikin giyar gaba ɗaya, wane wuri ne ranki yake so? Dahuwar? Cinikin? Ko hayaniyar maza a zaure?"

"Ko ɗaya. Hayaƙin yana sa ni ciwon kai, mazan kuma tsoronsu nake ji. Ni dai in ga ƙwaya busasshiya ta farka a hannuna, in san yaushe take son ruwa, yaushe take son iska. Nan ne kawai nake jin na iya wani abu."

Ta ci gaba da tambaya. Ko ina da haƙurin yin abu ɗaya kullum? Ko na iya nuna wa wata abin da na sani? Ko zan iya karɓar gyara daga wadda na girma? Ba wanda ya taɓa yi mini irin waɗannan tambayoyi tun da aka haife ni. A ƙarshe ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ban san amsar ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ban yarda Allah ya ba mace hannu irin wannan don tukunya ɗaya kaɗai ba. Kada ki zubar da shi, kada kuma ki kai wa Inna. Ki shanya. Ba ni kwana biyu in yi tambaya."

Shanya a cikin marka ba wasa ba ne. Rana ta leƙo in fitar, hadari ya haɗo in kwashe, in baza a faifai in rataye sama da murhu. Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Duk sallamar da aka yi sai in ɗauka Inna ce.

Ranar awon yara Malama ta zo da kanta ta ce in goya Hannatu, in ƙulla garin tsiron a leda. Muka tafi ƙaramin asibitin da ke bakin titi. Mata cike da baranda, kowa da yaro a cinya, da yawansu kamar Hannatu. Mai kula da su ita ce Sista Binta, Musulma ce, gajeriya, mai saurin magana. Na girme ta nesa ba kusa ba.

Ta auna hannun Hannatu, ta danna ƙafarta da yatsa, ta ce, "Tamowa ce ta fara, amma kin zo da sauran lokaci. Me kike ba ta?"

"Kunu, Sista."

"Kunu ko ruwan kunu?"

Na ce in ya yi kauri ba ta iya haɗiya, sai in tsinka da ruwa.

"Duk haka kuke yi. Cikin yaro ɗan mitsitsi ne, ku cika shi da ruwa, ku ce ya ƙoshi." Ta miƙo hannu. "Malama ta ce kin zo da wani abu."

Ta kwance ledar, ta shinshina, ta lasa. Ta sa aka kawo kunun da take nuna wa mata da shi, mai kaurin da cokali yake tsayawa a ciki. Ta bari ya ɗan huce, ta barbaɗa garina kaɗan, ta juya. Ina kallo, kunun nan ya saki, ya koma ruwa-ruwa, ba a ƙara masa ko ɗigon ruwa ba. Ta mayar da shi wuta ya sake tafasa.

Ta ce, "Kin gani? Abincin yana nan duka, amma yanzu yaro zai iya sha. An koya mana wannan, ni kuma ina koya wa mata, sai su je gida su dawo mini da ruɓaɓɓen tsiro mai fumfuna. Abincin leda da ake aiko mana don masu tamowa ya yanke. Wa ya yi wannan a cikin marka?"

"Ni ce."

"A ina kika koya?"

Malama ta buɗe baki za ta amsa, Sista ta ɗaga hannu. "Bari, na gane. Na san gidanku, Maman Iliya. Tukunyar da kika kife tsakaninki ne da Allahnki. Ni yara ne a gabana. Amma kada kanki ya kumbura, akwai gyara. Kin niƙa da saiwar. A wancan aikin naku ban san yadda ake yi ba, amma na yaro sai an murje saiwa da kan tsiron an sheƙe, don akwai abin da ke cutarwa a ciki. Kuma nuna mini farcenki."

Na nuna. Ta girgiza kai. "Da wannan za ki ciyar mini da yara? Gobe ki dawo a yanke, da sabulunki."

Haka na shiga hannun Sista Binta. Ta koya mini yadda ake soya waken suya har gafinsa ya fita, yadda ake haɗa shi da gero da gyaɗa, yadda ake adana gari kada ya sha danshi. Ba ta da sassauci. Na taɓa ƙona wake na ce ai zai shiga, ta ce, "Kai wa awakinki, su ma ki ba su haƙuri." Ranar farko da ta tsayar da ni gaban mata in nuna musu, da ƙyar ake jin muryata. Wata daga baya ta ce, "Mama, ɗaga murya, ko tsiron kike wa raɗa?" Aka yi dariya, Sista ta fi kowa. Daga baya ta ja ni gefe ta ce, "Ba sai kin iya magana ba. Bari hannunki ya yi, su za su matso." Haka kuwa aka yi.

Hannatu ta fara karɓar kunu. Ba a rana ɗaya ba, a hankali. Wata rana na ga ta tashi daga gindin turmi ta bi ɗan akuya da gudu. Na juya baya don kada yara su ga hawayena.

Amma faɗuwar gaba ba ta bar ni ba, don har lokacin a bayan rumbu nake tsirona. A wurinmu, duk wanda ya ga dawa a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, abu ɗaya ya sani. Ba mu taɓa jin an yi tsiro don wani abu ba sai giya. Malama ta ce in faɗa wa zumuntar matan ikilisiya, na ce sai na shirya. Kuma ban aika wa Inna da amsa ba. A can ƙasan zuciyata ina cewa, in aikin asibitin nan bai ɗore ba fa?

Sai ga Asabe, 'yar'uwa a zumunta, ta shigo aron rariya. Ban ji sallamarta ba, ina bayan rumbu ina yayyafi. Ta tsaya, ta dubi buhun, ta dube ni. Ta ce, "Sannu da aiki, Maman Iliya," ta juya ko rariyar ba ta ɗauka ba. Ran Lahadi benci ya yi mini faɗi, na dama ta matsa, na hagu ta matsa. Lahadin da ta biyo, bayan sujada, aka ce dattawa suna son ganina.

Baban Iliya ya ce sai an yi zaman da shi. Ya ja ƙafarsa da sanda ya zauna kusa da ni. Ga Pasto, ga dattawa, ga Asabe a gefe tana kallon ƙasa. Babban dattijonmu, Baba Yohanna, shi ya yi magana. Kafin ya tuba, ba a taɓa yin gayya ya koma gida da ƙafarsa ba saboda maye, shi da kansa yake faɗa.

Ya ce, "'Yata, an ce an ga tsiro a gidanki."

"Gaskiya ne, Baba."

"To madalla da ba ki wahalar da mu ba."

Malama Rifkatu ta nemi izini. Ashe ta zo da tukunyar kunu a lulluɓe, da ledar garin tsirona. Ta faɗi yadda aka yi tun daga farko, ta ce in nuna musu. Na barbaɗa garin. Na juya, kunu ya saki. Dattawa suka miƙo wuya. Baba Yohanna ya karɓi ledar ya kai hanci.

Ya ce, "Wannan ƙanshin na san shi tun kafin a haifi Pasto. Ku ba ni in ɗanɗana, in akwai wani abu a ciki harshena ba zai ɓoye mini ba." Ya kurɓa, ya juya a baki. "Kunu ne. Kunun banza ma, ko tsami babu."

Aka yi dariya, har na fara sakin jiki. Sai ya ajiye ludayin, fuskarsa ta canza.

"Na yarda da kunun. Amma ni tsohon mashayi ne, na san yadda abin yake dawowa. Daga tsiro zuwa tukunya ba nisa. Ranar da yunwa ta sake matsa ki, Saratu, me zai tsaya tsakaninki da ita?"

Da na so, da na ce bangaskiyata ce za ta tsaya, a ce amin a tashi. Amma a gidan Ubangiji nake. Na ce, "Baba, Inna Tani ta nemi in riƙa yi mata tsiro. Ta ba ni zuwa yankan gero. Ban amsa mata ba har yau."

Maigida ya juyo ya dube ni, don shi ma bai sani ba.

"Me ya hana ki amsawa?"

"Tsoro, Baba. Ina tsoron in rufe can, nan ma ya rufe."

Baba Yohanna ya ce, "Ashe tukunya a kife take, amma ba a kashe wutar murhu ba." Ya juya wurin sauran. "Mu ma da namu. Ranar da ta kife tukwane mun yi waƙa mun watse, ba wanda ya bi ta gida ya ga me za ta ci." Suka yi shawara a tsakaninsu. Suka ce babu horo. Amma tsiro ya bar bayan rumbu ya dawo tsakar gida, inda kowa zai gani, kuma Asabe ta riƙa zuwa tana kama mini, ta koya. Asabe ta ce a hankali, "Ni fa rariya na je aro." Baba ya ce, "To yanzu kin samu da aiki a ciki."

Sannan ya dube ni. "Amsar Inna kuwa, ba mu za mu ba ta ba. Ga gero can ya sunkuya."

Suka ɗora mini hannu. Maigida ya ɗora nasa mai lafiyar a kafaɗata. A cikin addu'ar nan na ji abin da ya daɗe a ƙirjina ya sauka, kamar an sauke mini tulu bayan doguwar tafiya. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

'Yan'uwa, ba zan ce muku na yi arziki ba. Baban Iliya har yau da sanda yake tafiya. Akwai waɗanda har yanzu in sun wuce ƙofarmu sai sun buɗe hanci. Amma duk ranar awo ina asibiti ina koya wa mata, ranar kasuwar Gezawa kuma ina kai garin kunu, kuma matan da ba sa sayen ƙosaina a da su ne suke aiko yara ƙofata, don Sista ta ce musu ta san hannuna. Ina tashi da safe ina ɗokin aikina. Ban san ana yin haka ba sai yanzu.

Na gode wa Yesu da bai bar ni da shawarar kaina ba. Na gode masa da ya aiko mini da mai tambaya da mai gyara, ɗaya daga cikin ikilisiya, ɗaya daga waje. Ke da kike zaune da abin da kika iya kina jin kunyarsa, ko kike ganin ba ki iya komai ba, kada ki yi ta juya shi ke kaɗai. Ki faɗa wa Ubangiji gaskiya yadda take, sannan ki tashi ki je wurin wadda ta fi ki gani. Ki dogara gare shi, yana da mutane a inda ba ki zata ba.

Saura in faɗa muku abin da na yi washegarin zaman dattawa.

Da gari ya waye na ƙulla garin tsiro a leda, don na ji an ce jikan Inna ya rame, na bi ta cikin gonaki zuwa ƙauyen su Inna, raɓa tana jiƙa mini zane. Na same ta a bakin murhu, jikanta na wajen ɗanta yana kwance a tabarma, ƙafafunsa kamar sillen kara. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba.

Na ce, "Inna, na zo da amsa. Ba zan yi ba. Ba bana ba, ba baɗi ba."

Ta tura itace cikin wuta. "Kin sha raɓa a banza. Tun ranar da kika ce za ki yi tunani na sani. Uwarki ma haka take, ba ta iya cewa a'a sai ta bar mutum ya tsufa yana jira." Ta nuna ledar da haɓa. "Wannan kuma fa?"

"Na yaron nan ne. Ara mini tukunya."

Na dama kunu mai kauri, na barbaɗa, na juya, na mayar wuta. Ta karɓi ledar ta murza garin a yatsunta, ta kai hanci.

"Tsiro mai kyau kamar wannan, kin murje masa saiwa, kin zuba a kunu. Talatu, ke dai an yi asarar hannu."

Na ɗauki yaron na ɗora a cinya. Ya kauda kai, na jira. Na sake kai cokali, ya lasa, ya buɗe baki. Inna tana kallo ta gefen ido, tana yi kamar wuta take gyarawa. Sai da ya sha kusan rabi sannan ta yi magana.

"Yaushe ne ranar awon naku?"

"Jibi, Inna."

"In za ki wuce, ki biyo ki tafi da uwarsa. Ita ma ba ta jin maganata."

Na ce, "To, Inna," na ci gaba da ba shi.